Gwaggo Mai Waya da Kwancin Manaja

Gwaggona, yayar mahaifina, ita kaɗai na sani a duniyar nan da take kiwon kaji ba don ci ba, ba don sayarwa ba. In baƙo ya tambaye ta, "To don me?" sai ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai don me ake ajiye ka a gidanku?" Daga nan maganar ta mutu.

Gwaggo Mai Waya ake ce mata, don shekara talatin da biyu ta yi a ofishin waya. A zamaninta ba ka danna lamba ka samu mutum kai tsaye. Sai ka ɗaga waya, wata murya ta tambaye ka wa kake nema, sannan ta soka igiya a rami ta haɗa ku. To, Gwaggo ce muryar nan. Tana zaune gaban wani allo mai ramuka kamar saƙar zuma, abin ji a kunne, tun safe har la'asar. Ta san gidan da aka haihu, ta san wanda aka kora daga aiki, ta san mai kiran da bai kamata ya kira ba, kuma ko sau ɗaya bakinta bai taɓa zubar da maganar wani ba. Da aka kawo injunan da ke haɗa layi da kansu, aka mayar da ita teburin karɓar ƙorafi. Daga baya aka tara ma'aikata, aka sha lemon kwalba, aka ba ta agogon bango, aka ce ta je ta huta.

Aure ɗaya ta yi, Allah bai ba ta haihuwa ba, mijin kuma ya rasu tun ina firamare. Babana ya bi bayansa da wasu shekaru. Yayyena duk aiki ya watsa su garuruwa, ni kaɗai na rage gari ɗaya da ita, ni ɗin ma sai na hau mota biyu kafin in kai. Ba zan wanke kaina ba, sai in yi wata biyu ban leƙa ta ba. Ina aiki a shagon buga takardu, kullum wani na tsaye a kaina yana cewa yanzu-yanzu yake so. Sai in ce ranar hutu zan je, ranar hutu ta zo in ce wanki. In na je ɗin ma, jakata ba ta sauka daga kafaɗa. Shi ya sa ta raɗa mini Uwar Gaggawa.

Tana da 'yar ƙaramar waya da kullum take cika ta da caji ta sa a aljihun riga. Sai ta kwana uku ba ta yi ƙara ba, in ta yi ma saƙon kamfani ne. Matar da ta haɗa gari guda da junansu ke nan. Wannan abin yana ci mini rai har yau, amma a lokacin ban ma lura ba.

Kajin sun samo asali ne daga wata maƙwabciya da ta tashi ta bar kaza gurguwa a bayan gida, wai ba ta isa a ɗauka ba. Gwaggo ta ɗaure mata ƙafa da tsinke da tsumma, ta zuba mata ragowar shinkafa. Kafin shekara ta zagayo, bayan gidan nan mai bishiyar lemun tsami ɗaya da famfo mai ɗiga ya zama gari. Tsohon kabad ɗin kwanukanta ta cire wa gilashi ta sa ragar waya, ya zama akurki. Kowace kaza da sunanta. Akwai Mai Zane, akwai Kurma wadda ko an kira ba ta zuwa, akwai 'Yar Gata da ba ta cin abinci sai a tafin hannu. Zakaran kuwa Saje, don yadda yake taku yana duba kowa kamar an ba shi tsaron gida. Sai babbarsu, jikar gurguwar nan ta farko, wata ja mai faɗin ƙirji da ke cin abinci kafin kowa, ba ta kuma tsinana komai sai zagaye da harara. Gwaggo ta sa mata Manaja, ta ce sak mai gidansu na ofis.

In ka ga Gwaggo da safe sai ka rantse makaranta ta buɗe. Ta fito da kujerarta da kofin shayi, ta buɗe akurki, tana kiran suna ɗaya-ɗaya tana jin amsa. Ta yi musu faɗa, ta raba rigima, ta ba su labarin abin da ta ji a rediyo. 'Yar Gata ta ɗare mata cinya, Manaja ta leƙa kofin shayi ta tsinci burodi. Na taɓa samunta tana dariya har da hawaye ita kaɗai, wai Saje ya ga kansa a jikin tukunya ya kama faɗa da ita. Na ce, "Gwaggo, mutane za su ce kin taɓu." Ta ce, "Su wa? Su zo su faɗa mana, ko na samu baƙi."

Asara kuwa ta sha ta. Shirwa ta ɗauke mata 'yan tsaki a gaban idonta, ta bi ta da muciya har bakin katanga tana zagi. Muzuru ya shiga ya yi ɓarna. Wanda ta rasa duk sai ta haƙa rami gindin lemun tsami ta rufe, ta wuni ba ta kunna rediyo ba. Amma ta bara ce ta karya ta. Wata cuta ta shigo da damina, kaza ta tsaya ta sunkuyar da kai, fukafukai a ƙasa, gobe a wayi gari ta sandare. Cikin mako ɗaya shida suka tafi, har da 'Yar Gata. Aka bar Manaja da Saje. Ba a yi wata biyu ba mai kawo ruwa ya bar ƙofa a buɗe, Saje ya fita titi, babur ya bi ta kansa. Ta kira ni ranar, ina tsakiyar aiki. Na ce, "Ayya, Gwaggo, sannu. Sai a sayi wani." Ta ce to, ta kashe.

Abin da ban sani ba, ashe kaza in zakara ya mutu, ƙwan da za ta yi cikin 'yan kwanakin da suka biyo baya yana iya ƙyanƙyashewa. Manaja ta tsufa, rabonta da ƙwai an daɗe, sai ga shi ta yi biyar cikin kwana goma, ta tsaya. Gwaggo ta bi su da fensir ta sa musu lamba, ɗaya zuwa biyar, ta jera a kwano cikin tsumma, ta ajiye a wuri mai sanyi a kicin tana jiran Manaja ta fara kwanci. Su ke nan abin da ya rage na Saje, su ke nan kuma abin da ya rage na zuriyar gurguwa. In sun fito, bayan gida ya sake cika. In ba su fito ba, daga Manaja an rufe.

Ana cikin haka ranar aikin idonta ta zo. Yanar ido ce ta rufe mata idanun biyu, aka ce a fara da na dama. Ni na raka ta. A cikin mota ta yi ta yi mini bayani, ni kuwa mai shagonmu na kan waya yana tambayar inda na ajiye wasu takardu. Ina cewa "to, Gwaggo" a nan, ina cewa "cikin durowa ta biyu" a can. Wallahi ko kalma ɗaya ban riƙe ba.

Aka yi aiki lafiya, aka ce ta kwana biyu. Washegari na biya gidanta in ɗauko mata zane da flas, in zuba wa kaza abinci. Na shiga kicin a guje, na ga ƙwai a kwano, na ce madalla, ga abin da mara lafiya zai iya ci. Na zuba su a tukunya duk biyar, na dafa, na ƙulle a leda, na kama hanya.

Na same ta zaune a gado, ido ɗaya a rufe da auduga, ɗayan kuma hazo kawai yake gani. Na miƙa wa matar gadon kusa guda biyu, na ɓare wa Gwaggo ɗaya na sa mata a hannu. Tana riƙe da shi ta ce, "Uwar Gaggawa, kin tuna abin da na gaya miki a mota? Manaja ta fara kwanci, tun shekaranjiya ta ƙi barin gurbi. Ƙwan nan biyar masu lamba na cikin kwano, yau ɗin nan ki sa mata su. Ki bi a hankali, tana sara."

Na dubi ɓawon da ke kan cinyata. Ga lamba huɗu da fensir, rubutun Gwaggo, ruwan zafi bai ko goge ta ba.

Na ce a raina ba yanzu zan faɗa mata ba. Ga tsohuwa da auduga a ido, likita ya ce kar ta yi kuka, kar ranta ya ɓaci. Haka na gaya wa kaina, amma gaskiyar magana tsoro ne da kunya. Na ce, "To, Gwaggo." Na tattare ɓawon na cusa a jaka kamar ɓarauniya.

Daga asibiti na tsaya a shago na sayi ƙwai biyar, na zaɓi masu kyau. Na samu fensir na kwaikwayi rubutunta, har da yadda take lanƙwasa biyu. Na je na tura su ƙarƙashin Manaja, ta kafta mini sara a bayan hannu har jini. Ta gyara zama, ta ja su da baki ƙarƙashin ƙirjinta ɗaya bayan ɗaya. Na ce alhamdulillahi. A tunanina ƙwai ƙwai ne, 'yan tsaki za su fito, wa zai tambaye su ubansu?

Da aka sallame ta, likita ya ce mako ɗaya kar ta sunkuya, kar ƙura ta shiga idon. Dole na riƙa zuwa kullum bayan tashi daga aiki. In ɗaga Manaja daga gurbi ta ci ta sha ta miƙe ƙafa, in share, in ɗiga wa Gwaggo magani a ido. Mako ya cika, ta warware, ta fara gani har tana cewa ashe labulenta ya koɗe haka ba wanda ya gaya mata. Amma ban daina zuwa ba. Zuciyata ba ta bar ni ba. Ina so in ga fitowar 'yan tsakin nan da idona, in san asirina ya rufu.

Kafin in iso ta riga ta fito da kujera ta biyu. Shayi na kan wuta. Ta kafa kalanda a jikin ƙofar kicin, kowace rana ta ja layi, kwana ashirin da ɗaya ake jira. Mukan zauna muna kallon kabad ɗin da Manaja ke ciki ta baje kamar an kife kwano. A nan na ji labaran da ban taɓa ji ba. Ashe Babana har ya shiga sakandare yana tsoron tsallaka titi sai ta riƙe masa hannu. Ashe ta taɓa samun gurbin karatu a wani gari ta bari saboda jinyar kakarmu. Ranar da mijinta ya faɗi a wurin aiki kuwa, ita ce a kan allo. Aka kira daga asibiti aka ce a haɗa su da ofishin waya, ana neman matar wane. Ta ce, "Ita ce ke magana." Ta ce bayan an gaya mata, sai da ta haɗa kira biyu da ke jira kafin ta cire abin kunne, don hannunta bai san yadda ake tsayawa ba.

Na ce, "Gwaggo, me ya sa ba ki taɓa ba ni wannan labarin ba?"

Ta ce, "A tsaye ake ba da shi?"

Rana ta goma sha biyu na biya wurin mai dusa. Ina jira yana auna mini, na ce masa cikin wasa, "Baba, ƙwan shago kwana nawa yake yi kafin ya ƙyanƙyashe?" Ya ajiye mudu ya dube ni, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "'Yata, kajin gona ai ba su taɓa ganin zakara ba. Ko shekara kaza ta yi a kansa, sai dai ya ruɓe." Na ce to in aka samo na gida aka canza fa? Ya ce sai an sake lissafi daga farko, kuma tsohuwar kaza ba ta jure kwanci biyu a jere, ƙanjamewa za ta yi ta mutu a gurbi.

Tirƙashi. Na ɗauki dusa na fita. Tun daga ranar, kullum a cikin mota nake shirya maganar: Gwaggo, na yi miki laifi. In na shiga na ga ta ja sabon layi a kalanda, tana lissafin inda za ta killace 'yan tsaki saboda shirwa, sai in haɗiye. In ce gobe. Na tsani kaina a kwanakin nan, ba kaɗan ba.

Ashirin da ɗaya ta cika, shiru. Gwaggo ta ce wani lokaci sukan ƙara kwana. Ashirin da biyu, ashirin da uku. Manaja ta daina sarana in na ɗaga ta. Zankonta da yake ja wur ya koɗe ya kwanta gefe, ƙashin ƙirjinta ya fito. In na ajiye ta gaban abinci sai ta tsattsaga sau biyu ta ja jiki ta koma. Rana ta ashirin da biyar na ɗauke ta, na ji kamar tsumma na ɗauka. Wani wari kuma ya fara tashi daga gurbin.

Ban ajiye ta ba. Ina riƙe da ita na juyo, hawaye na zuba, na ce, "Gwaggo, ba abin da zai fito. Ba ƙwanta ba ne. Naki na dafa su ranar da na kawo miki asibiti, ban sani ba. Waɗannan a shago na saya, ni na rubuta lambar. Ki yafe mini."

Na jira ta yi salati, ko ta zage ni, ko ta kore ni. Tana zaune da kofi a hannu, ko motsi ba ta yi ba.

Ta ce, "Na sani."

Na ce, "Kin sani?"

"Tun ranar da na dawo. Kina fita na tsuguna na sa hannu ƙarƙashinta. Ƙwan Manaja ƙanana ne masu tsini, waɗannan kuwa ƙatti kamar na agwagwa. Shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar ƙwai da hannun nan, 'yar nan. Ido ne aka yi wa aiki, ba hannu ba."

Raina ya ɓaci, ban san ma da wa ba. Na ce, "Haba Gwaggo! To kalandar fa? Layin da kike ja fa? Kina kallona ina ta hawa mota biyu kullum, cikina na ƙuna, ki ƙyale ni? Me ya sa ba ki faɗa ba?"

Ta ajiye kofin a ƙasa. Ta dubi gindin lemun tsami.

"Ranar na yi kuka, da idon da aka ce kar in yi kuka da shi. Na ce gobe in kin zo sai na wanke ki tas. Goben kika zo, kika zauna, kika sha shayi. Jibi ma kika zo." Ta goge baki da gefen mayafi. "In na faɗa, za ki ba ni haƙuri, in ce ba komai, shi ke nan magana ta ƙare, sai kuma bayan wata biyu. Na san na zalunci baiwar Allahn nan. Kowace safiya sai in ce yau zan ɗaga ta in zubar da ƙwan. Sai in ce bari dai yarinyar nan ta zo yau tukuna."

Ta miƙe ta karɓi Manaja daga hannuna, ta rungume ta a ƙirji, tana shafa mata wuya tana cewa, "Yi haƙuri, Manaja, ni ce, ba ita ba." Ta kai ta bakin famfo ta jiƙa mata ƙafafu da ciki don zafin kwancin ya sauka, ta ajiye ta gaban dusa da ruwa. Ta ce in kwaso ƙwan a hankali kar su fashe. Na haƙa rami can nesa da lemun tsami, inda ta nuna mini, na rufe su. Ita kuma ta kwashe tsumman gurbin, ta ja ƙofar kabad ta sa sakata.

Manaja ta je bakin kabad ta tsaya, ta zagaya, ta dawo ta sake tsayawa. Daga baya ta taka tsakiyar fili tana ɗingishi, ita kaɗai a wurin da a da yake yi wa kaji takwas kaɗan.

Gwaggo ta cire kalandar daga jikin ƙofa ta naɗe. Ta tattara kofunan shayi, ta ɗauki kujerar da nake zama a kai ta jingine ta a bango. Ba tare da ta dube ni ba ta ce, "Gobe ba sai kin wahalar da kanki ba. Ba sauran abin dubawa."

Na buɗe baki in ce zan zo, amma ta riga ta juya baya ta buɗe famfo da ƙarfi a kan kofunan, don kar ta ji abin da zan ce.